Sunan Inna Ba Ya Cikin Rajista

"Malam, mutum uku kacal?"

Likita Bature ne ya ɗora yatsa kan rajistar masu ciwon daji, ya kafe ni da ido. Lokacin ina malamin asibiti a Kankia, Turawa ba su tafi ba. Ya zo duba ko mun rubuta kowa.

"Babu wanda ka sani da ba ya ciki?"

Mahaifiyata na kwance a Kafinsoli, ciwon ya cinye mata nono. Ni nake wanke mata duk Juma'a. Ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "In ka rubuta sunana, mota za ta zo ta ɗauke ni, a yanka ni, in mutu cikin baƙi. Ban yafe maka ba."

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya rufe littafin, har da yaba mini.

Inna ta rasu a lokacin kaka, a ɗakinta, yadda ta so. Jiya jikata mai irin wannan aikin take mita wai sunaye ba sa cika a rajista.

Da ku ne ni, da kun rubuta ta?