Sabulun da Iddrisu bai jefar ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Iddrisu, amma in na tuna shi, ba ranar jana'izarsa nake gani ba. Ƙarfe huɗu na yammacin wata Asabar nake gani, a shekarar yunwa ta 1983, lokacin da Maame Akosua, mai shagon masara a Aboabo, ta shigo gidanmu na Zogbeli aron sabulu.

A lokacin sabulu ya yi wuya, sanda ɗaya gida uku ke wanka da shi. Mma, mahaifiyarmu, ta miƙa mata namu. Maame ta juya shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro makullin shagonta daga bakin zani ta ɗora a kan wani shaci da ke jikinsa. Ya zauna daram.

"Mma Iddi," ta ce, "ɗanki ya gama da masarata."

Iddrisu yana yi mata dako. A littattafan 'yan fashi da 'yan sanda na Turanci, kwance da yake saye a kasuwa, ya ga ana danna makulli a sabulu a kai wa maƙeri ya ƙera irinsa. Ɓarayin cikin littafi jefar da sabulun suke yi. Shi kuwa ya mayar wa Mma abinta.

Aka kai shi gidan horon yara na wasu watanni. Baba ya ƙone littattafan a tsakar gida, hedimasta ya tara ɗalibai ya ce littattafan ne suka lalata shi. Ni kuwa na karanta kowane ɗaya a ɓoye, wasu har sau biyu, kuma ko gyaɗa ban taɓa ɗauka ba. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kunya ta hana ni tambayar Iddrisu har ya rasu, yana gyaran babura. Ko me zai ce yau da yara ke kallon fashi a waya, babu mai ƙone komai?

Bana na shiga keken haya na Fuseini, abokinsa da suka yi satar tare. Na daure na tambaye shi ko littafi ne ya sa su.

Ya yi dariya. "Ƙanwata, kwana biyu ba mu ci tuwo ba. Ni ƙofar na so mu ɓalle. Iddi ne ya ce a'a, akwai dabara a littafi, kada mu bar Maame da gyaran ƙofa."