Na'urar Masu Latti Ta Je Kotu a Texas

Litinin: Greensboro zuwa Birmingham

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gida a East Greensboro, nan Amurka, ni da maigidana Yakubu, da wata tsohuwar na'ura da ya naɗe da bargon aurenmu ya ɗaura mata bel a kujerar baya. Ni kaina bai taɓa lallaɓa ni haka ba.

Ga asalinta. 'Yan cocinmu ba sa zuwa da wuri. Shekarun baya Yakubu, mai gyaran talabijin, ya gaji da masu shigowa tsakiyar wa'azi suna raɗa, "Me Fasto ya ce?" Sai ya haɗa kwamfuta da kyamara a ɗakin gefe: Fasto na magana, tana ɗauka, masu latti na kallo tun daga farko. Yanzu wani kamfani da ko ƙusa bai taɓa ƙerawa ba ya ce dabarar tasa ce, yana da takardar mallaka da suke kira fatent, har ya maka wani babban kamfanin akwatin talabijin a kotu. Lauyoyin babban kamfanin suka gano Yakubu ya riga kowa, suka kira shi shaida.

Ni na riga na tsara komai irin na littafi: zai miƙe cikin farar shadda, alƙali ya cire tabarau ya share ƙwalla, a rubuta sunansa, shi kuma ya waiwayo ya neme ni da ido.

Goma da kwata muka shiga cunkoson Atlanta, mil ɗari uku da talatin daga gida. Dambun nama muka ci a mota. Kafin la'asar muna masauki a Birmingham, dala saba'in da tara, na'ura a gado guda, mu a ɗayan.

Talata: zuwa Texas

Shida daidai muka tashi. A gidan mai a Jackson wata mata ta leƙa motar ta ce, "Jaririn yana numfashi kuwa?" Yakubu ya ce, "Ya fi ni lafiya." Biyu da rabi muka isa garin da kotun take. Ƙaramin gari ne, amma lauyoyi sun cika shi kamar ƙudan mangwaro.

Laraba: kotu

Lauyan da ya gayyace mu ya tare mu a baranda da murmushin tallan man goge baki. Yakubu ya ce, "Yallaɓai, idan mun ci, sunana zai hau takardar?"

Lauyan ya yi 'yar dariya. Wai tunda Yakubu ya nuna wa jama'a abin fiye da shekara bai je ya yi rajista ba, ya zama na kowa, ba mai shi. "Shi ya sa ma muke son ka."

Na ce, "Baban Murna, kana ji? Don ba ka da komai suke son ka."

"Bari dai mu shiga, Maman Murna. Ko sau ɗaya ne su faɗi sunan."

Awa uku muna kan benci, shadda tana yamutsewa. Sha biyu saura suka fito suna tafawa, masu ƙara da waɗanda ake ƙara, kamar 'yan biki. Sun sasanta. Hoton na'urar kawai aka nuna, masu ƙarar suka tsorata. Ko bargon ba a kwance ba. Manyan mutane masu kwat, sun shekara suna faɗa kan abin da mijina ya haɗa saboda Anti Saratu ta cocinmu ba ta iya ɗaura ɗankwali da sauri!

Yakubu ya waiwayo ya neme ni da ido. Wannan kaɗai littafi ya faɗa daidai.

Komawa

Kwana biyu muka sake yi a hanya, ba ya magana sai in mai ya yi ƙasa. Juma'a biyar na yamma muka iso. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Mama Talatu da ta riƙe mana Murna.

Ranar Lahadi na sayi fenti fari na rubuta a jikin na'urar: AIKIN YAKUBU. Duk kamfanin da bai yarda ba ya zo cocinmu ya yi bayani. Ko ya makara ba komai, za mu kunna masa daga farko.