Garken Inna Dela a Cikin Gilashi

Inna Dela ta Gwiwa ba ta taɓa ganin teku ba, amma teku ne ya cinye mata ɗa. Daudu, autanta, ya bar kiwo ya bi 'yan ci-rani zuwa Ikko shekarar da jiragen siminti suka cushe bakin ruwa, ya kama dako. Wata rana ƙafa ta zame masa tsakanin jirgi da gaɓa. Ko hularsa ba a tsinta ba, balle a yi zancen kabari.

Abokinsa Zarami ne ya kawo labarin, da 'yan tufafi, da wani akwatin gilashi mai ruwa da duwatsu. A ciki akwai jatan lande, wasu jajayen halittun teku da ko ɗan yatsa ba su kai ba. Ya ce wani ma'aikacin jirgi ne ya bai wa Daudu, kuma in Daudu ya taso daga aiki ba ya da hira sai kallonsu. Ya ja mata kunne cewa a ruwan gishiri kawai suke rayuwa, ya koma.

Dela ta riƙe maganar nan gam. A cikin shanu ta tashi, ta san dabba ba ta ƙin gishiri. Maƙwabta na tsokanarta wai garkenta ya koma cikin kwalba, ita ko a jikinta. Tana marmasa musu busasshen kifi, tana sheƙa ruwan da ludayi don ya sha iska.

Bazara ta shigo, zafi ya dinga shanye ruwan. Duk sanda ya ragu sai ta ƙara na rijiya, ta barbaɗa gishiri. Abin takaici, ba wanda ya gaya wa baiwar Allah cewa ruwan ne kawai ke tashi, gishirin yana nan daram. Da suka fara mutuwa sai ta zargi kanta da rowa. Ranar kasuwa ta samo kantun gishiri wurin fataken Nijar, irin wanda take bai wa saniya mai ciki, ta daka ta zuba musu hannu sake.

Na ƙarshensu ya mutu da hantsi. Dela ta tsoma yatsa a ruwan ta lasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai da ya ƙona mata harshe.

"Ashe wannan ka sha, Daudu," ta ce.

Ta yagi farin ƙyalle ta naɗe ɗan jatan landen, ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta juya shi gabas, ta mayar da ƙasa. Har ta bar duniya, duk ranar Juma'a can take zuwa ta durƙusa ta yi wa ɗanta addu'a.