Gilashi Na Huɗu

Shekararta hamsin da huɗu, ashirin da shida daga ciki ta yi su ne a kan kujera ɗaya a ɗakin gwajin jini, idonta a bakin madubin ƙara girma. A wurin aiki Anti Ƙirga ake ce mata.

Abin da take ƙirgawa kromosom ne, zaren gado da ke cikin ƙwayar jini. Kowanne ƙugu ɗaya gare shi. In radiyeshan, hasken nan mai lahani da ido ba ya gani, ya bugi mutum, sai zaren ya tsinke ya haɗe a karkace, ya fito da ƙugu biyu. Yawan masu ƙugu biyu shi ke nuna yawan abin da jiki ya sha. A jinin mai lafiya, da ƙyar ta ga ɗaya a ƙwaya dubu.

Makon jiya na'urar ɗaukar hoton walda mai aiki da radiyeshan ta lalace a wani kamfanin bututu, ma'aikata shida suna kusa. Ƙaninta, autan gidansu, yana cikinsu. Aka kawo jininsu ɗakin gwajin.

Ƙa'idar ɗakin ita ce mai ƙirga ba ya sanin jinin wa yake dubawa. Shugaban ɗakin ke manna lamba a kowane gilashin da aka shafa wa jini, ya kulle sunayen a durowa.

"Anti, ko a ba wani?" in ji shi.

"Wa? Kai da tabarau biyu ba ka ganin ƙofa?"

Auta ya kira ta yana dariya. "Yaya, in kin zo kan nawa ki sassauta. Tun ina yaro kike ƙara min laifi."

"Ban san naka ba," ta ce. "Ka ci abinci?"

Kwana uku tana ƙirga. A gilasai biyar, masu ƙugu biyu ba su da yawa. A gilashi na huɗu ta samu arba'in da ɗaya a ƙwaya ɗari. Ta rubuta, ta sa hannu, ta wanke kofin shayinta.

Yau da safe shugaban ya buɗe durowa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya juyo mata da takardar. Na huɗu na Auta ne.

Ta nemi a dawo mata da gilashin. Ta sake bi ɗaya bayan ɗaya, awa biyu. Arba'in da ɗaya.

Ta rufe madubin da ƙyallensa, ta fita baranda ta kira shi.

"Auta, kana ina? Bar abin da kake yi ka taho asibiti. Ka ce wa matarka ta haɗa maka kayan kwana."