Turaren Dawowar Baba

Motar da ta ɗauko gawar Baba daga filin jirgi tana tsayawa a ƙofar gidanmu na Gwange, ƙamshin turaren wuta ya tarbe mu.

A Alkahira ya rasu, ina gefensa. Ƙannensa suka ce a binne shi can, ni kuma na nace. Kwana huɗu ina bin takardu, kullum ina rubuta tambaya ɗaya a littafina: anya ban jinkirta masa kwanciya don son raina ba?

Na tarar da Mama a ɗakinsa tana fifita garwashi a kasko.

Na ce, "Mama, ki yafe min, na sa ya daɗe a hanya."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Babagana, mahaifinka bai taɓa dawowa daga tafiya ya tarar da ɗakinsa babu turare ba. Da ka baro shi can, wa zan kunna wa? Ku shigo da shi, ya gaji."

Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Ranar ban rubuta tambayar ba.

Ku sa Baba a addu'a. Ku a gidanku, da me ake tarbar matafiyi?