Baƙin da Aka Zaɓa Su Duba Iyakar Gonarmu

Mutane suna ta cewa son kai maigari ya yi a rigimar gonar innata. Ba haka ba ne, kuma na gaji da maimaitawa. Adalci ya so yi, adalcin ne ya cuce mu.

Maƙwabcinmu ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya ci kunyoyinmu. Maigari ya ce zai zaɓi dattawa su duba ko maganar ta isa zuwa gaban alƙali, amma ban da dangi, ban da surukai. A ƙauyenmu kuwa wane ne ba dangin wani ba? Duk tsohon da ya san inda gambar take, aka tashe shi. Aka bar wani dillalin shanu ɗan Mai'adua da malamin firamaren da aka turo bara.

Suka zagaya gonar, suka ce ba su ga komai ba, a yi haƙuri.

Na ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, me za su gani? Yau suka fara taka ta."

Ya ce, "'Yar nan, ƙa'ida ce."

Damina ta ƙarato, Inna ba ta san inda shukarta za ta tsaya ba. Sai na yanke zan tafi kotu a Daura da kaina, tsofaffin da aka tasa su yi mana shaida.