Musun da Malam Haruna Ya Bari a Kasuwar Zahir

Ina cikin buɗe rumfata da hantsi saƙo ya iso daga gidan Malam Haruna mai tsire cewa rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maƙwabcina ne a kasuwar Zahir tun ina baƙo a Makka. Da na isa gidan, mai ɗakinsa Hajiya Rabi ta yi mini magana ta bayan labule: "Malam Sale, bayan la'asar za a sallace shi a Harami. Don Allah ka je wurin Abdulkarim ya yafe masa. Kada a kai shi da haƙƙin mutum a wuya."

Na san nauyin wannan aike. Malam Haruna da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi shekaru yana ban ruwa a filin da Turawa ke wasan kurket. Can ya san wasan: wani ya jefo ƙwallo, wani ya tare ta da katako. Abdulkarim kuwa Ba'indiye ne mai ɗinkin surfani, shagonsa na kallon tukubar Malam. Su kaɗai suka san wasan a duk kasuwar, a garin da ko filinsa babu.

Ni dai wallahi har yau ban ga abin musu a jifa da tarewa ba. Amma su kullum aka kawo shayi sai an taɓa, balle lokacin Hajji da alhazan Indiya ke zuwa da sabon labari. Gwanin Abdulkarim wani mai bugu da katako ne na ƙasarsu, wai ba a taɓa samun mai iya kwaikwayon hannunsa ba. "Mai bugu rai ɗaya gare shi," in ji shi, "kuskure ɗaya ya fita. Naka mai jifa in ya kuskure sai ya sake jifa." Gwanin Malam wani tsohon mai jifa ne da ya ƙago hanyar murza ƙwallo, kuma ya koya wa na baya. Sai Malam ya ɗauki lemun tsami ya murza a yatsu, ya ce, "Har gobe da hannunsa ake jifa. Gwanin da bai koyar ba, da gwanintarsa ake binne shi." Kuma fa ba wanda ya taɓa ganin gwaninsa da ido a cikinsu!

Abin da Malam ke faɗa shi yake yi. Duk Bahaushen da ya sauko daga jirgin ruwa ba ko anini, a gindin tukubarsa yake koyon yanka da haɗa yaji. In na ce masa yana rainon masu ƙwace masa ciniki, sai ya ce, "Wutar da aka ɗiba ba ta raguwa." Sai dai yana da zafin baki, Allah Ya yafe masa. Bara musu ya yi zafi, ya ce wa Abdulkarim a gaban mutane, "Kai ma haka kake. Ka tsufa kana ɗinki, wa ka koya wa? Wa za ka bar wa?" Alhali ya san Allah bai ba mutumin haihuwa ba. Daga baya Malam ya bi shi har gida ban haƙuri, Abdulkarim bai buɗe ƙofa ba. Tun daga nan shayi ya rabu.

Na same shi a shago da allura a hannu. Na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ya Ammi, abokinka ya rasu. Iyalinsa na roƙon ka yafe." Bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na fito na rasa abin da zan gaya wa Hajiya.

Sai da aka idar da salla aka ɗaga makara na gan shi, ya sa kafaɗa, tsoho da shi, ya ƙi sakar wa kowa har maƙabarta. Da aka rufe ƙasa ya riƙe hannuna, ya ce, "Gaya mata na yafe, ni ma ya yafe mini." Ya share ido da bakin rawani. "Amma har yanzu gwanina ya fi nasa, Sale. Wa zan gaya wa?"

Kuka ya ci ƙarfina.

Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa maƙwabtakar Ɗakinsa ta cece shi. Allah Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yanta haƙuri, Ya rufa musu asiri. Abdulkarim kuma, Allah Ya ɗebe masa kewa. Amin.